Raɗa wa Waƙa Suna da Ba Ta Mazauni

Mas'alar da muka ɗauko yau ita ce ta waƙoƙin da muke tarawa a waya da mimori da kwamfuta, watau yadda ya kamata a raɗa wa kowace suna, da yadda za a ba ta mazauni, domin mai nema ya samu ba da wahala ba, wanda kuma ya gaji taskar a bayanmu ya san abin da ya gada. Na san wani zai ce ai wannan sha'anin yara ne masu danne-dannen waya. To, ina roƙonsa ya ba ni aron kunnuwansa, gama muryoyin da ake magana a kansu galibinsu na magabata ne waɗanda ƙasa ta riga ta rufe wa ido, ba su da sauran ikon da za su miƙe su ce wannan tawa ce, waccan ba tawa ba ce.

A zamanin faifan garmaho waƙa ba ta rabuwa da shaidarta, domin kamfanin da ya buga faifan yakan manna takarda a tsakiyarsa mai ɗauke da sunan mawaƙi da na waƙa da lamba; da kaset ya zo kuwa, ko da na kwafi ne wanda aka naɗa a rumfar kasuwa, mai rumfar yakan ɗauki biro ya rubuta wani abu a jikinsa, komai ƙanƙantarsa. Al'amarin ya sauya ne sa'ad da aka fito da hanyar matse sauti da ake kira MP3, wadda aka tabbatar da ƙa'idarta a 1993, masanan cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus kuma suka laƙaba wa fayilolinta wannan suna a 1995. Bisa matsakaicin awon da aka fi amfani da shi, minti guda na waƙa bai fi ya ci megabait ɗaya ba, saboda haka ɗan mimori mai gig 8 yana iya haɗiye sauti na sama da sa'a 130, abin da a da sai an cika akwati da kaset-kaset kafin a tara shi. Ni'ima ce babba, amma ta zo da illarta, don abin da ya yi yawa, ba shi kuma da jikin da za a yi rubutu a kansa, da wuya ya tsira daga cakuɗewa.

Ku zo mu tsaya a rumfar mai turi, irin waɗanda ake samu a bakin tasha da kasuwannin waya, tun daga Fam Santa ta Kano har kasuwar ƙauye mai ci mako-mako. Dattijo ya miƙa mimorinsa ya ce, "Yaro, a zuba mini na gargajiya, Shata da Ɗanƙwairo, ka haɗa mini da tafsiri." Yaron ya ce, "An gama, Baba," ya soka mimorin a kwamfuta, ya jawo folda guda ya jefa, kafin a gama ƙirga kuɗi an cika shi. Da dattijon ya koma gida ya sa jikansa ya buɗe masa, ga abin da za su tarar: fayil na farko sunansa Track 01, na biyu ma haka, sai dai an ƙara masa wata lamba a wutsiya, na uku ya fara da haruffan AUD, sai jerin lambobi, sai WA da wasu lambobin, alamar ta WhatsApp ya biyo, na huɗu an rubuta masa "sabuwa", alhali mai ita ya fi shekara ashirin da rasuwa, na biyar kuwa, a gurbin da ya kamata a ga sunan mawaƙi, sunan wani shago ne da lambar wayar mai shagon. Lambobin nan da ke bin AUD kwanan wata ne, amma na ranar da saƙon ya shiga wayar, ba ranar da aka yi waƙar ba, mutane da yawa kuma sukan ruɗu da su. Ban ɗora wa mai turi laifi ba, shi ma haka ya karɓa daga wani, wancan kuma daga wani, ta Bluetooth ko ta Xender; sai dai a kowace turawa akan zubar da wani yanki na labarin waƙar, har ta iso gare mu ba uba ba dangi.

Idan ka ga fayil an rubuta masa Bakandamiya kurum, ba ka san komai ba tukuna, domin Ibrahim Narambaɗa yana da Bakandamiyarsa, Mamman Shata ma yana da tasa. Dattijo da ya ji sautin farko zai rarrabe kotson Narambaɗa da kalangun Shata, amma yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999, abin da aka rubuta masa shi zai gaskata, shi kuma zai isar wa na bayansa. Shubuhar ta fi ƙarfi tsakanin Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, tun da dukansu makaɗan kotso ne, harshensu kuma na ƙasar Sakkwato da Zamfara ne, har ya zama sau da yawa akan jingina waƙar wannan ga wancan. Ma'abota ilmi na da ba su ɗauki irin wannan da wasa ba. Abul Faraji Al'isfahani, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na huɗu na Hijira, da ya tashi tattara waƙoƙin Larabawa a babban littafinsa Kitabul Agani, bai wadatu da kawo baitoci ba, sai da ya riƙa faɗin wanda ya tsara su, da wanda ya sa musu murya, da irin karin da aka rera su da shi, sa'an nan ya jero isnadin waɗanda labarin ya biyo ta hannunsu, inda ruwayoyi suka saɓa kuma ya kawo su gaba ɗaya. Muryoyin mawaƙan nan sun tafi, don babu na'urar naɗar magana a zamaninsu, amma sunayensu sun wanzu fiye da shekara dubu. Mu kuwa da Allah ya ba mu muryar kanta, abin kunya ne a ce a hannunmu sunan ya salwanta.

To, abu na farko da ya wajaba mai taska ya fahimta shi ne, kowace waƙa a na'ura tana da suna a wuri biyu. Akwai sunan fayil, wanda ake gani daga waje, kowa kuma yana iya sake shi. Akwai kuma bayanin da ke binne a cikin fayil ɗin kansa, wanda yake tafiya da waƙar duk inda ta tafi. Misalinsa kamar littattafan malamanmu ne na rubutun hannu, waɗanda gafakarsu takan tsufa a sake wata, amma abin da mai kwafi ya rubuta a warƙar ƙarshe, na sunan littafi da na mawallafi da nasa, yana nan muddin takardar tana nan. Wannan bayanin ciki a fayilolin MP3 ana kiransa ID3. Wani mai suna Eric Kemp ne ya fara ƙirƙiro shi a 1996, a lokacin bai ba sunan waƙa da na mawaƙi gurbin da ya wuce harafi 30 kowanne ba, sai a 1998 aka fito da tsari na biyu mai yalwa, wanda yake ɗaukar dogon suna da hoto da haruffan harsuna dabam-dabam. Manhajar da ke kunna waƙa a waya galibi bayanin ciki take karantawa, shi ya sa mutum zai gyara sunan fayil tsaf, amma ya buɗe manhajar ya tarar har yanzu tana cewa ba a san mawaƙi ba. Saboda haka gyaran biyu ne, ba kuwa wanda yake ɗauke wa ɗan'uwansa.

Mu fara da mazauni. Kafin komai, a ware karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi a folda tasu dabam, nesa da waƙoƙi, mafi kyau ma a mimori dabam in da hali, domin na'ura ba ta san ladabi ba, idan aka sa ta zaɓo da kanta tana iya sako kiɗan biki a bayan sura. Sa'an nan a buɗe babbar folda guda ta waƙoƙi, a raba ta manyan babobi kaɗan, kamar makaɗan gargajiya, da rubutattun waƙoƙi, da bege, da waƙoƙin zamani da na fim, da na ƙasashen waje; a ƙarƙashin kowane babi kuma kowane mawaƙi ya sami foldarsa. Shawarata ita ce kada a fara sunan folda da laƙabin girmamawa, domin idan ka sa Alhaji a gaban Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da Haruna Uji, duk za su taru a ƙarƙashin harafi ɗaya, tartibin abajada ya tashi a banza. Wannan ba raini ba ne ga irin su Shata, mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Laƙabinsa yana da gurbi a bayanin ciki. A kuma cika suna, gama wanda ya rubuta Sani kawai bai gaya mana ko Sani Sabulu yake nufi ba, ko Sani Ɗan Indo, ko Sani Aliyu Ɗandawo.

Yanzu mun iso inda na fi so mu daɗe. Tsarin da masu ƙera manhajoji suka gina kayansu a kai hawa uku ne: mawaƙi, sai kundin da ya fitar a shekara kaza, sai waƙoƙin kundin bi da bi. Wannan ya dace da mawaƙan Turai da na Indiya, ya kuma dace da mawaƙanmu na zamani irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa, waɗanda suke shiga situdiyo su fito da kundi mai suna da shekara; su kam a bi wannan tsari yadda yake. Amma makaɗan gargajiya ba haka suka yi sana'arsu ba. Ko da yake kamfanoni sun buga wa Shata faya-fayai, shi ba da niyyar kundi yake waƙa ba. A fada yake yi, da wurin biki, da gidan rediyo, waƙa ɗaya kuma yana iya yin ta yau a Funtuwa, bayan shekaru ya maimaita ta a Kano, amshi bai sake ba amma ɗiyan waƙar sun sake, an ƙara sunayen waɗanda suka yi kyauta a ranar, an bar waɗansu. Kowace daga cikin waɗannan ruwaya ce mai zaman kanta, wanda ya ga suna iri ɗaya ya goge guda da zaton maimaici ne, yana iya zama ya goge kwafin da ba shi da na biyu a garinsu. Don haka kada a goge komai sai an saurara an gwada tsawonsu. Idan sun bambanta, a kira wannan ruwaya ta 1, waccan ruwaya ta 2, inda aka tabbatar da wuri ko shekara kuma a rubuta.

A gurbin kundi kuwa, sai a dubi yadda shi makaɗin ya tafiyar da sana'arsa a raba waƙoƙinsa bisa haka. Makaɗin fada da ubangidansa ake saninsa, saboda haka waƙoƙin Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Amadu su zauna wuri ɗaya, na Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Macciɗo su ma haka; Ɗan Anace a raba nasa bisa 'yan damben da ya wasa, Shago da sauransu; Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tun da kuntiginsa ya fi karkata ga sana'o'i da zaman duniya, jigo ya fi dacewa da shi; Shata kuwa, saboda yawan abin da ya bari, sai an yi masa fasali-fasali, na sarakuna, da na attajirai, da na faɗakarwa, da na garuruwa. Sharaɗi ɗaya ne, kada hawan folda ya wuce uku ko huɗu, domin ban da gajiyar da mai nema, tsarin Windows tun asali yana da haddi na harafi 260 ga dukan hanyar fayil, daga babbar folda har ƙarshen sunansa, idan aka ƙetare shi kwafi yakan tsaya.

Sunan fayil kuma ga yadda za a gina shi. A fara da sunan mawaƙi, sai karan ɗori, sai sunan waƙa, sai karan ɗori, sai ruwaya ko wuri ko shekara. Misali, Mamman Shata, karan ɗori, Bakandamiya, karan ɗori, ruwaya ta 2. Wani zai ce me ya sa za a maimaita sunan mawaƙi alhali yana jikin folda. Dalili shi ne, ran da ka tura wa abokinka waƙar ita kaɗai za ta tafi, folda tana gida. In ta WhatsApp za ka tura, ka aika ta a matsayin takarda, ta haka sunan da ka sha wahalar rubutawa zai isa lafiya. Inda akwai jeri, a sa lamba a gaba, a kuma cike ta da sifiri, domin na'urori da yawa harafi-harafi suke duba lamba, sai su sa 10 a gaban 2 saboda ta fara da 1. Wannan ne ya sa masu tsara karatun Alƙur'ani suke rubuta 001 ga Fatiha, 002 ga Baƙara, har zuwa 114. Kwanan wata a fara shi da shekara, sai wata, sai rana, don ya jeru da kansa. Akwai alamomin da Windows ba ta karɓa a suna, daga cikinsu ruwa biyu, da alamar tambaya, da tauraro, da sanda jirge, da alamar zancen wani. A guje su ko da wayarka ta karɓa. Haruffan da ke bayan ɗigon ƙarshe kuwa, irin su mp3, kada a taɓa su, da su na'ura take gane nau'in fayil.

Saura mushkilar haruffanmu masu lanƙwasa, waɗanda suke cikin sunan Ɗanƙwairo da Narambaɗa. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, ba na kuma jin daɗin ganin an yi wa waɗannan haruffa riƙon sakainar kashi; amma gaskiya ita ce rediyon mota da ƙananan akwatunan sauti da yawa ba su san su ba, sai su nuna alamar tambaya ko ɗan akwati a gurbinsu, waɗansu na'urorin kuma su jefa sunan can ƙarshen jeri bayan harafin Z, wanda ya nema da D marar lanƙwasa kuma ya rasa. Abin da na ga ya fi maslaha shi ne a rubuta sunan folda da na fayil da haruffa marasa lanƙwasa, domin su shiga kowace na'ura, a bayanin ciki kuwa, wanda tsarinsa na biyu yake ɗaukarsu, a rubuta suna bisa ƙa'idarsa cikakke. Wanda ya zaɓi akasin haka ban ce ya yi kuskure ba, in dai ya tsaya a kan hanya ɗaya. Abin da ke ɓata taska shi ne mutum ɗaya ya sami folda uku saboda an rubuta sunansa iri uku.

Akwai wata ƙa'ida da na ɗauka ta fi duk waɗannan nauyi, ita ce a rarrabe yaƙini da zato. Abin da ka tabbatar rubuta shi. Abin da kake tsammani ka sa masa kalmar "wataƙila". Abin da ba ka sani ba ka bar gurbinsa fili, domin gurbin da aka bari yana kiran mai sani ya cike shi, amma shekarar da aka ƙaga, idan ta shiga wayoyi ɗari, ta zama hujja a bakin jama'a, kankare ta kuwa sai an sha wuya. A buɗe folda guda a kira ta "Ba a tantance ba", duk sabon abin da ya shigo ya sauka a nan, kada ya wuce ciki sai an saurare shi an san mai shi. Masu tantancewar kuwa suna nan tare da mu: tsofaffin direbobi, da tsofaffin ma'aikatan gidajen rediyo, da dattawan fada, da iyayenmu mata waɗanda suka halarci bukukuwan da Barmani Choge ta yi wasa kafin rasuwarta a 2013. A kunna musu a tambaye su tun suna raye. A rubutattun waƙoƙi a ambaci mawallafi dabam, mai rerawa dabam, gama Imfiraji ta Aliyu Namangi ce ko da muryar wani almajiri ce ka ji. Bayanin ciki yana da gurbin kowannensu. A waƙoƙin fim ma haka, an saba kiran waƙa da sunan jarumin da ya hau ta, a manta da wanda ya rera, musamman mata masu amshi da rerawa, waɗanda sau da yawa ko ambatonsu ba a yi. Wannan tauye haƙƙi ne, gyaransa kuma bai fi rubuta suna ɗaya ba.

Masu kwamfuta za su sami sauƙi da manhajar Mp3tag, wadda take gyara bayanin ciki na fayiloli da yawa a lokaci guda, ta kuma iya sake musu suna daga wannan bayanin. Akwai kuma MusicBrainz Picard, mai nemo bayani daga intanet, tana da amfani ga waƙoƙin waje, amma galibin makaɗanmu na gargajiya sai dai a yi musu da hannu. Kada a ce sai an gama duka a zama ɗaya. A ɗauki mawaƙi guda a kammala shi kafin a shiga wani, kafin a fara kuma a kwafe taskar yadda take a ajiye gefe, saboda in hannu ya kuskure a sami abin komawa. Bayan an gama, kada a dogara ga mimori kaɗai, don yakan lalace ba sallama, wayar da yake ciki kuma tana iya faɗawa ruwa ko hannun ɓarawo. Masana adana bayanai suna ba da shawarar kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani gida dabam, ko wurin ɗan'uwa ko a ma'ajiyar intanet. Duk sa'ad da aka ƙara waƙoƙi ko aka gyara suna, a sabunta waɗancan kwafin su ma.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake juyo sautin tsohon kaset zuwa kwamfuta ba tare da an rage masa inganci ba.